Kwalba Biyu A Kan Fam 45,000: Abin Da Manomin Ashige Zai Koya Daga Tsibirin Aila

Daga Wakilinmu a Lafiya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam da rani, ya ratsa ta garin Ashige da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da wuya ya rasa ganin hatsi shanye a kan tabarma ko buhu a ƙofar wani gida. Idan ya matsa kusa zai ga kowace ƙwaya ta fid da 'yar farar saiwa kamar zare. Wannan shi ne tsiro. An jiƙa dawa ne, ko gero, ko shinkafa, aka lulluɓe ta kwana uku ko huɗu har ta tsira, sa'an nan aka baza ta a rana don tsirar ta tsaya. A wani gida tsiron na kunun zaƙi ne, domin shi ke ba kunu zaƙinsa ko ba a sa sukari ba. A wani gida kuwa, inda addini da al'ada ba su hana ba, na burkutu ne.

To, a can wani ɗan tsibiri na ƙasar Sikotland ta Birtaniya, wanda a ke rubuta sunansa Islay amma masu wurin ke kiransa Aila, da irin wannan aiki a ke fara yin barasar nan da a ke kira wuski, sai dai su da sha'ir su ke yin nasu tsiron. A cikin watan Maris na 2024 kamfanin Diageo ya fito da wani wuski na masana'antar Port Ellen da ke tsibirin, wanda aka ɗura a ganga tun 1978. An haɗa shi kwalba bibbiyu, haɗi 274 kacal, aka sa wa kowane haɗi fam 45,000. Idan aka yi lissafi a kan naira 2,000 kowane fam, kamar yadda canji ya riƙa kaiwa a wannan shekara, kuɗin kwalba biyu ya kama naira miliyan 90 ke nan.

Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa wannan bayani ba talla ba ne. Mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, hukuncin giya kuwa a Musulunci sananne ne, haka kuma akwai Kiristoci masu yawa da ba su kusantarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta cewa shan barasa ya jawo mutuwar mutane miliyan 2.6 a cikin 2019 kaɗai. Abin da ya ja hankalinmu ciniki ne: yaya aka yi hatsi da ruwa da hayaƙi, waɗanda babu gidan manomin da bai san su ba, suka kai wannan daraja, kuma aljihun wa kuɗin ya shiga?

HAYAƘIN TALAUCI

Aila tsibiri ne mai sanyi da iska da yawan ruwan sama, mutanensa kuwa a yau ba su wuce 3,200 da 'yan kai ba, alhali a ƙidayar 1831 sun kusa 15,000, kafin talauci da korar masu ƙasa su watsa su zuwa birane da ƙasashen Amurka da Kanada. Matar Ashige tana da rana kyauta wadda za ta busar mata da tsironta. Mutumin Aila ba shi da ita, tilas sai ya hura wuta a ƙarƙashin nasa. Itace kuma ya yi ƙaranci a tsibirin, saboda haka kamar yadda matan karkara a wasu sassa na Arewa kan koma ga kara da busasshen kashin shanu, su ma sai suka koma ga abin da ƙasarsu ta ba su.

Abin nan shi ne Turawa ke kira pit, mu kuwa za mu iya ce masa gawayin fadama. Ciyayi ne da gansakuka da suka mutu a cikin fadama mai jiƙe kullum, suka ƙi ruɓewa sarai saboda rashin iska, suka yi ta taruwa suna dannuwa har suka zama baƙar ƙasa mai taushi. A kan yanke shi kamar tubali, a jera ya bushe, sa'an nan a sa a wuta. Taruwarsa a hankali ce ƙwarai, kimanin milimita 1 a shekara, watau zurfin mita guda aikin shekara 1,000 ne. Idan ƙasa ta binne shi miliyoyin shekaru shi ne ke rikiɗewa ya zama kwal, irin wanda ke kwance a ƙarƙashin ƙasar Obi, maƙwabciyar Lafiya, wanda aka yi ta bincikensa a shekarun 1970 saboda ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta.

Gawayin fadama ba ya ci bal-bal, hayaƙi ya ke yi mai kauri. Hayaƙin nan ya kan kama jikin ɗanyen tsiro kamar yadda ya ke kama kifi a wurin banda, ƙaurin kuma ba ya fita har ƙarshen aiki. Wannan ƙauri shi ne attajiran duniya ke zuba dukiya a kansa a yau, asalinsa kuwa dabarar talaka ce wanda ya rasa rana ya rasa itace.

Bayan tsiro ya bushe sai a niƙa, a kwaɓa da ruwan zafi, a tace, a sa yis, a bar shi kwana biyu ko uku ya tashi. Har zuwa nan dai babu wani babban bambanci da aikin mai burkutu. Daga nan ne hanya ta rabu. A kan zuba ruwan a manyan tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya, a dafa, tururin ya hau ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, a sake maimaitawa karo na biyu. Abin da ya fito sai a ɗura shi a gangunan katako a kai ma'ajiya. Burkutu ba ya jimre ajiya, in ya yi 'yan kwanaki ya lalace, don haka mai shi tilas ta sayar a ranar kasuwa ko nawa aka taya. Abin da ke cikin gangar Port Ellen kuwa zai shekara 40 bai ɓaci ba, illa dai kimanin kashi 2 cikin 100 da ke bin iska kowace shekara. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin shi ne rabin labarin.

YADDA AKA RUFE PORT ELLEN

An kafa masana'antar Port Ellen a 1825. Wani mai suna John Ramsay ya karɓe ta a 1836, shi ne kuma ya ɗaukaka ta har ta shiga sahun farko na masu aika wuski kai tsaye zuwa Amurka. Daga baya ta faɗa hannun babban kamfanin nan Distillers, aka kashe wutarta wajen 1930, ta yi shiru sama da shekara 30, sai a 1967 aka gyara ta aka sake buɗewa. A 1973 aka gina babbar ma'aikatar yin tsiro a gefenta. A waɗannan shekaru kamfanoni sun ɗauka kasuwa za ta yi ta hawa ne ba sauka, suka yi ta cika ganguna ba ƙaƙƙautawa.

Lissafin bai fita ba. Tsadar man fetur da karayar tattalin arziki suka auka wa ƙasashen Turai da Amurka, samarinsu kuma suka juya ga wasu abubuwan sha, sai ga kaya jibge babu mai saye. A cikin 1983, daidai lokacin da mu ma a nan mu ke fama da matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, kamfanin Distillers ya rufe masana'antu da dama a tashi ɗaya. Yana da guda uku a Aila, watau Lagavulin da Caol Ila da Port Ellen, ya ga biyu sun ishe shi. Da ya ke wuskin Port Ellen gauraya shi a ke yi da na wasu wurare, kusan ba a taɓa sayar da shi da sunansa ba, sai ƙuri'a ta faɗa a kansa. Aka rufe a watan Mayu, ma'aikata suka rasa abin yi a tsibirin da aiki ya ke da wuyar samu, daga baya aka kwance tukwanen. Ma'aikatar tsiro kaɗai aka bari tana aiki, sai kuma ganguna da aka bari jere a cikin duhun ma'ajiya.

MUTUWA TA JAWO DARAJA

Kamfanin Guinness ya haɗiye Distillers a 1986, shi ma a 1997 ya haɗu da wani aka sami Diageo, wanda ya gaji gangunan. Kafin nan masu ɗanɗano sun fara lura cewa abin da aka raina yana ɗan shekara takwas ya zama wani abu dabam bayan ya haura 20. Bugu da ƙari kowa ya san ba a ƙara yin wani, kowace kwalba aka buɗe adadin ya ragu ke nan har abada.

A 2001 Diageo ya fara fitar da shi kaɗan-kaɗan sau ɗaya a shekara. Kwalbar farko an sayar da ita wajen fam 110. Ta 2017, wadda ita ce fitowa ta 17, fam 2,625 aka sa mata. A watan Yuni na 2022 aka yi gwanjon ganga guda ta 1979 a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan, ta tashi a kan fam 875,000. Wata guda bayan haka maƙwabciyarta Ardbeg, wadda ita ma ta sha rufewa a shekarun 1980, ta sayar wa wata mai tara irin waɗannan kaya a nahiyar Asiya ganga ɗaya ta 1975 a kan fam miliyan 16. Abin mamaki, a 1997 an sayi ita Ardbeg ɗin ɗungurungum, da gininta da kayanta, a kan kuɗin da bai kai rabin wannan ba.

Da yawa daga cikin masu sayen nan ba su ma buɗe kwalbar. Ajiyar dukiya ce a wurinsu, kamar yadda wani a nan zai sayi fili ko gwal ya jira farashi. Ganin haka ya sa a watan Oktoba na 2017 Diageo ya ba da sanarwar zai kashe fam miliyan 35 don ya tada Port Ellen da wata mai suna Brora, wadda aka rufe su shekara ɗaya. Brora ta koma aiki a 2021, Port Ellen kuwa a watan Maris na 2024, bayan shekara 41.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tambaya. Manomin da ya noma sha'irin 1978 ya sayar da shi a farashin kasuwar wannan shekara, an sallame shi. Leburan da ya yanki gawayin fadama, da wanda ya kwana yana gadin tukunya, sun karɓi albashinsu na mako, bayan shekara biyar kuma aka ba su takardar sallama. Fam 45,000 ɗin nan ya tafi ne ga wanda ya mallaki ma'ajiya, ya ke da ƙarfin jira, sunan Port Ellen kuma ya ke hannunsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

TAKARDA DA SUNA

Inda kuɗi ya taru, 'yan damfara ba su nisa. A 2017 wani baƙo ɗan ƙasar Sin ya biya kusan faran 10,000 a wani otel na ƙasar Suwizalan don ɗan kofi guda daga kwalbar da aka rubuta wa 1878. Da aka kai ta ɗakin bincike sai aka tarar ba ta wuce farkon shekarun 1970 ba, otel ɗin ya mayar masa da kuɗinsa. A 2018 kuma wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotland ta gwada kwalba 55 da aka saya a matsayin tsofaffi masu daraja, aka sami 21 na jabu ne. Dabarar gwajin ita ce, gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar wata alama a iskar duniya wadda ta shiga jikin kowane tsiro, saboda haka hatsin da aka noma bayan lokacin ba ya iya ɓoye shekarunsa.

Wannan ya nuna cewa attajirin da ya biya miliyoyi, shaida ya ke saye. Kowace ganga a Sikotland tana da lamba, da ranar da aka cika ta, da sunan gidan da ya yi ta, tana kuma zaune a ma'ajiyar da ke ƙarƙashin idon jami'an haraji. Daɗin daɗawa akwai doka, wadda aka sabunta a 2009, da ta ce ba a kiran wani abu wuskin Sikotland sai an yi shi a ƙasar, ya kuma kwanta a gangar katako a can aƙalla shekara uku. Wanda za a kira na tsiro zalla na gida ɗaya kuwa, sai ya kasance ruwa da tsiron sha'ir ne kaɗai, a masana'anta guda. Sunan Aila ma dokar ta tsare shi, wanda bai yi kayansa a tsibirin ba ba shi da ikon liƙa shi a kwalba. Masu sana'ar suna da ƙungiya wadda ke kai ƙarar masu satar sunan a kotunan ƙasashe dabam-dabam. Da wannan shinge ne ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba ta fitar da wuski na fam biliyan 5.6 a 2023.

MU DAWO GIDA

Labarin nan bai yi mana nisa kamar yadda a ke zato ba. Shi kansa Diageo shi ne mai mafi yawan hannun jari a kamfanin Guinness na Nijeriya har zuwa 2024, lokacin da ya sayar wa kamfanin Tolaram. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, tilas kamfanonin giya da na lemon malta suka koma ga dawa, irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta kuwa suka taimaka ƙwarai. Tun daga lokacin dawar Arewa ke shiga manyan ma'aikatu, tana fitowa a kwalba da sunan kamfani, ba da sunan garin da aka noma ta ba.

Ko an ajiye zancen giya gefe guda, abin haka ya ke. Ƙasar Lafiya da Doma ta shahara da riɗi. A kan saye shi a kasuwannin ƙauye, a gauraya na wannan gari da na wancan, a kai tashar jirgin ruwa ta Legas, ya tafi Japan ko Sin ko Turkiyya, a matse mansa a ɗura a kwalba da sunan wasu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman doya a duniya, doyar ƙasar Lafiya kuma sananniya ce ga 'yan kasuwa, amma a kantunan Turai doyar Gana aka sani. Cutar tsohuwa ce. Shekaru aru-aru fatake na ketare Sahara da jar fatar akuyar Sakkwato, amma da ya ke ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka ta ke isa Turai, sai Turawa suka raɗa mata suna fatar Maroko, sunan kuma ya bi ta har yau. Suna linzami ne, wanda ya riƙe shi shi ke juya dokin.

Maƙwabtanmu sun fara farga. Kamaru ta yi wa barkonon Penja rajista a 2013 a ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI mai hedkwata a Yawunde, Jamhuriyar Nijar kuma ta bi sahu da kilishinta da albasar Galmi. Ma'anar rajistar ita ce sunan ya zama mallakar masu sana'ar yankin baki ɗaya, ba na wani kamfani guda ba, wanda kuwa a nan sun ɗara mutanen Port Ellen, da sunan masana'antarsu ya ke hannun masu hannun jari. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, saboda haka tsare sunan riɗin Lafiya ko kilishin Kano aiki ne na majalisunmu da hukumominmu.

Sauran rabin darasin shi ne jira. Manomin Ashige ya kan sayar da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, domin ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga biki. Ɗan kasuwa ya kwashe ya zuba a sito, in bazara ta yi ya fito da shi, wani lokaci ma manomin ne zai dawo ya sayi iri a hannunsa da tsada. Kakanninmu sun san maganin wannan, shi ya sa ba a gina gida babu rumbu. Babu wanda ya ce riɗi zai ƙara daraja in ya shekara 40, kuma ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a abin ƙi ne a kowane addini. Ko shi wuskin ma farashinsa a gwanjo ya yi ta sauka tun daga 2023, waɗanda suka saya a ƙololuwa suna cizon yatsa. Jiran da manomi ke bukata na wata huɗu ne ko biyar, abin da zai raba shi da sayarwar dole.

Manomi ɗaya ba zai iya wannan ba, amma ƙungiyar gama kai ta manoma 50 ko 100 za ta iya. Su haɗa sito guda mai tsabta, su tsince kayansu su raba mai kyau da na baya, su ajiye littafi mai nuna gonar kowa da ranar girbi da maganin da aka fesa, su buga sunan garinsu a kan buhu, su kuma hana kowa a cikinsu zuba yashi ko tsakuwa, domin buhu ɗaya mai algus ya isa ya kashe sunan gari. Da irin wannan littafi da kaya a sito ne banki zai iya ba da rance kafin a sayar. Aikin Gwamnatin Jihar Nasarawa da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Ƙasa shi ne su haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi da masu saye kai tsaye, su kuma tsaya wa sunan a gaban doka.

A Port Ellen an sake hura wuta tun 2024, amma abin da aka fara ɗurawa a sabbin ganguna doka ba ta yarda a kira shi wuski ba kafin 2027, kamfanin kuma ya lissafa wannan jira cikin jarinsa tun kafin ya aza tubalin farko. A Ashige kuwa kaka na zuwa kowace shekara, motocin 'yan kasuwa na tsayawa a bakin hanya, buhunan riɗi na hawa ba tare da wata alama a jikinsu ba. Ranar da aka fara rubuta sunan garin a kan buhun, aka kuma sami sito da littafi da ke tsaya masa, a ranar ne manomi zai fara faɗin farashi da bakinsa.